Abin da Ya Sa Innarka Ba Ta Dafa Wakena

Wurno,
ranar Alhamis.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah wagga takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da kawunka da mutanen gidanai nan Sakkwato. Allah shi tsare ka fita da shiga, shi raba ka da sharrin hanya da sharrin mutum, amin.

Ka san ni da waya sai cinikin wake da albasa, minti biyu na kashe. Kuma kai ɗan fari ne, ga sunan mahaifina gare ka, tun da anka haife ka ban taɓa zaunar da kai mun yi doguwar magana ba. Haka munka taso munka iske iyayenmu. Abin da ke cikina bakina ba ya iya faɗa maka shi, shi ya sa na ɗauki biro. Rabona da rubutu mai tsawo tun ina aji uku na sakandare. In ka ga kuskure ka haɗiye, ba jarrabawa nike yi ba.

Kawunka ya ce ran Litinin wa'adinka ke cika. Ko ka je ka sa hannu ka karɓi aikin gwamnati na duba awo da kayan abinci cikin kasuwanni, ko su ba wani. Ya ce ka rantse ba ka sa hannu sai na yarda. Ni kuwa ban manta abin da na faɗa maka bakin rumfa gaban mutane ba. Na ce ban kai ka jami'a don ka zama mai kulle sitocin jama'a ba, kuma in ka karɓa, ba da albarkata ba. Ka sunkuyar da kai, ka ɗauki jakarka, ka tafi. Yau kwana shida ke nan.

Kada ka yi tsalle zuwa ƙarshen takarda don ka ga mi na yanke. Ka bi ta daga farko. Akwai abubuwan da ba ka sani ba game da mutumin da kake jiran yardatai.

Ba wanda ya ba ni jari. Da mahaifina ya rasu na aje makaranta, na bi Alhaji Labbo, wani babban ma'aunin hatsi, ina ɗaukar mishi buhu. Bayan shekara biyu na shimfiɗa tabarmata ni kaɗai a kasuwar Achida. Har yanzu in na rufe ido ina ganin kasuwar nan yadda take a da. Mukan fito Wurno bayan sallar asuba bisa a-kori-kura, ƙafafunmu na reto. Kafin rana ta ɗaga jakuna sun cika bakin hanya, matan Fulani sun jera ƙoren nono sun rufe da faifai, ƙamshin busasshen kifin Goronyo ya haɗu da na tafarnuwa. Furar da nike sha wancan lokaci bisa buhun gero, ban sake shan mai daɗinta ba, ko a Makka. Kowa ya san uban kowa. Amma kada in ruɗe ka da daɗin labari, don cikin wannan daɗin muke cutar juna.

Kwanon awo biyu gare ni, kamar kowa a layinmu. Ɗaya na saye, mai faɗin ciki, shi nike fitarwa in manomi ya kawo gero. Ɗaya na sayarwa, wanda na kai wa maƙeri ya bubbuga gindin ya turo shi ciki, ya goge bakin kaɗan. In ka aje su gefe da gefe ba ka rabe su. Ba mu kiran abin sata. Sanin kasuwa muke ce mishi, kuma ni na fi kowa iyawa.

Rannan wata tsohuwa ta zo daga Sisawa, ana ce mata Goggo Ige, gajeruwa, bakinta ja wur da goro. Ta ce in auna mata gero kwano biyar. Na auna, na yi mata tozo mai kyau, har na ƙara gyara ina murmushi. Ba ta ɗaure buhunta ba. Ta kwance wani ƙunshi daga bayanta, sai ga kwanon awo nata na gida. Ta shimfiɗa mayafinta ƙasa, ta juye geron, ta sake aunawa a hankali tana ƙirgawa da ƙarfi don kowa shi ji. Ta tsaya ga huɗu da rabi.

"Ɗan nan," ta ce, "biyar kac ce. Ga huɗu da rabi. Rabin ina yat tahi? Ko gona ya koma?"

Mutane sunka fara taruwa. Maƙwabcina ya so shi cece ni, ya ce, "Haba Goggo, ai kwanonki ciki garai!"

"Cikin nan shi ka ciyar da jikokina bakwai," ta ce. "Kai ma kawo naka in duba mishi lahiya."

Ya koma bisa tabarmatai. Kasuwa ta fashe da dariya. Goggo ta juyo kaina ta tambaye ni ɗan wa nike. Na faɗi sunan mahaifina. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Allah shi jiƙan Malam. Cika mini rabina in tahi, rana na yi."

Na cika mata. Kasuwa ta gaba mata uku sunka zo da kwanoninsu. Ta gaba kuma waɗanda ba su da shi sunka riƙa aron na Goggo Ige, tana zaune gindin iccen bedi tana ba da shi kamar mai raba zakka. Kafin kaka ta wuce, ba wanda ke iya fitar da bugaggen kwano a layinmu. Ba ɗan sanda, ba takardar gwamnati, tsohuwa ɗaya ce da mayafinta.

Ga kuskurena a nan: na daina ne don an kama ni, ba don tsoron Allah ba. Kwanon ban yar da shi ba, na kai shi kasuwannin ƙauye inda labarin bai kai ba. Tsoron Allah daga baya ya zo, kuma a hankali ya zo. Kai kuwa ga abin da za ka ɗauka. Ma'aikaci sau ɗaya yake zuwa kasuwa a wata, mu kuma mun san ƙarar motarku tun daga mararraba. Mai saye kullum shina nan. In kana son aikinka shi tsaya bayan ka juya baya, to mai saye za ka koya wa. Mutanenmu in an cuce su sai su ce Allah ya isa, su ɗaure kayansu su tafi gida. Allah ya isa gaskiya ne, amma ka koya musu su sake aunawa nan take gaban mai kaya, su shinshina, su duba ranar lalacewa jikin gwangwani, su ɗaga murya. Mu 'yan kasuwa tara ba ta ba mu tsoro kamar dariyar mata ranar kasuwa.

Sai zamanin soja ya zo. Wannan kai ba a ko yi zancen haihuwarka ba. Gwamnati ta kawo mudu mai hatimi, ta ce da shi kowa zai auna. Ta kuma yanke farashin kaya daga ofis, ta ce wanda ya ɗara a kai ya ɓoye kaya ne. Ina tsaye sunka fasa siton Alhaji Labbo. Geron da ya sayo da tsada sunka sayar ƙasa da yadda ya saya, mutane na layi suna murna. Bai ishe su ba, sunka sa dattijon nan tsallen kwaɗo tsakiyar kasuwa, rawaninai ya warware shina jan ƙasa, 'ya'yan cikinai na kallo. Daga ranar bai sake taka kasuwa ba har ya koma ga Allah. Waɗanda sunka yi murna kuwa, kafin wata guda sun zo kasuwa sun iske tabarmi wayam. Hatsi ya koma cikin gidaje, sai ka san wani ka bi ta ƙofar baya, ka saya da tsadar da ta fi ta farko.

Tun daga nan na tsani duk mai kaki da ya shigo kasuwa, kuma wannan tsanar ce ka ji a bakina ran nan. Amma na yi kuskure, don na haɗa abu biyu na yi musu kuɗin goro. Bulala da yanke farashi zalunci ne da rashin sani. Mudun nan mai hatimi kuwa alheri ne, ya kare mai saye, ya kare manomi, ya ma kare ni daga kaina. Da sojan sunka tafi, munka watsar da shi don haushi. Nawa kaji sunka riƙa shan ruwa a ciki. To ka rabe su kai. Awo da lafiyar abinci, ka tsaya kansu ko wa ya ɓata rai. Farashi kuwa, in manyanka sun ce za su yanke, ka roƙe su su fara zuwa fadamar Rima su tambayi kuɗin taki da man injin ban ruwa da kuɗin mota. Kuma ko mi mutum ya yi, ka hukunta laifin, kada ka wulaƙanta shi gaban ɗiyanai. Wanda anka wulaƙanta ba ya gyaruwa, ɓuya yake koyo.

Yanzu na zo ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Allah ya buɗa mini. Na bar tabarma na kama rumfa, na bar rumfa na gina sito, na yi gidan siminti, na sauke farali, 'yan hatsin Wurno sunka naɗa ni shugabansu. Duk da guminai na samu, wannan ba na jin kunyar faɗa. Shekarar da kake aji biyu na firamare wake ya yi albarka tun daga Rabah har Sisawa. Na saya na cika sito, ina jiran bazara farashi shi tashi. Kafin wata biyu ƙwari sunka fara huda shi. Iyayenmu toka suke zubawa da barkono, ko su cakuɗa da yashi mai laushi su liƙe bakin rumbu. Ni kuwa na ga wannan aikin mai buhu goma ne, na wuce nan. Na sayo maganin feshin gona, irin wanda ake yi wa auduga, munka baje waken munka yayyafa, munka mayar cikin buhuna. Ƙwaro ko ɗaya bai sake motsi ba. Na yi ta yabon dabarata.

Akwai wani dubagari na ƙaramar hukuma lokacin, Malam Haliru, mutumin Rabah. Siriri ne, kakinai ya koɗe don wanki amma kullum da guga, shina yawo bisa wani tsohon keke. Rannan ya jingine keken bakin sitona, ya yi sallama. Bai ko shiga ciki sosai ba ya tsaya ya ja iska da hanci.

"Alhaji, mi kas sa ma wanga wake?"

"Albarka," na ce. Mutanena sunka yi dariya.

"Wagga albarka tana sa hawaye. Dubi idona."

"To koma waje, Malam, iska na nan kyauta."

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Alhaji, ba hwaɗa ya kawo ni ba. Wanga wake ba ya shiga tukunya. Zan sa kwaɗo in kai rahoto a zo a gwada. In ƙarya niy yi, ni da kaina zan buɗe, in ba ka haƙuri gaban kowa."

Ya ciro wani ɗan kwaɗo daga aljihu, ƙarami kamar na akwatin tufafi, ya maƙala bisa nawa, ya hau kekenai ya tafi. Ni, shugaban 'yan hatsi, gaban masu yi mini lodi.

Washegari na aika mishi da buhun shinkafar Wurno har gida. Kafin la'asar ɗan kabu-kabun ya dawo da ita, ya ce, "Malam ya ce ya gode, gidanai gero suka ci." Sai na sa babbar riga na tafi sakatariya. Ina da mutane can, don na taimaki wasu lokacin zaɓe. Na ce Haliru ya nemi in ba shi wani abu na hana, shi ya sa ya kulle mini sito. Na kai mutum biyu sunka shaida. Abba, ƙarya ce. Cikin zaurena anka shirya ta, ni na koya musu abin da za su faɗa. Kafin sati biyu an ɗauke shi an jefa shi wani ƙauye can bayan Goronyo inda ko kasuwa babu, sai rijiya ɗaya da zai riƙa leƙawa. Rahoton nai kuwa ba wanda ya sake jin labarinai. Na sa guduma na fasa ɗan kwaɗon, mutane na kirari suna cewa Alhaji ba a taɓa ka.

Mafi yawan waken na yi lodinai zuwa kudu. 'Yan buhunan da sunka rage na sayar nan cikin gari. Cikin masu saye har da Tumba, wadda ke suyar ƙosai bakin makarantarku. Ka tuna ta? Takan ƙara maka ɗaya, ta ce na ɗan Alhaji ne.

Ran wata Talata da hantsi ina rumfa anka zo da gudu anka ce 'yan makaranta na faɗuwa. Na iske ku asibiti an jera ku bisa tabarmi don gadaje ba su isa ba. Kana kakarin amai, yawu na zuba, idonka ya kafe, innarka na riƙe da kanka bisa cinyarta. Likita ya ce wani abu kunka ci mai guba. Nan take gari ya ɗauka cewa Tumba ce, wai man gyaɗarta ya lalace, wasu ma sunka ce da gangan ta yi. Ina tsaye da babbar rigata, na san komi, ban ce uffan ba. Allah ya taimaka dukanku kunka tashi, ba a rasa rai ba a Wurno. Tumba ta kife kaskonta ta bar garin. Waken da ya tafi kudu kuwa, har yau ban san cikin wa ya shiga ba.

An gaya maka ciwon shawara ne ka yi kana yaro. Ba shawara ba ce. Ni ne.

Da munka dawo gida ranar, innarka ta karɓi rigata za ta rataya, sai na ga ta kai ta hanci. Warin sito na jiki. Ta dube ni, na dube ta. Ta rataye rigar. Da safe ta kwashe duk waken da ke madafi, wanda na kawo, ta haƙa rami bayan ɗaki ta binne. Tun daga ranar ba ta sake dafa waken sitona ba. Kun sha yi mata tsiya kai da ƙannenka, kuna cewa Inna rowar Baba take gudu, matar mai wake tana aike kasuwa sayen wake. Takan yi dariya ta bar ku. Ni na daɗe da daina zuba magani, buhun nan mai leda ciki mai hana ƙwari nike amfani da shi tun da ya fito, ta kuma sani. Sau ɗaya na yi mata magana, bayan shekaru. Na ce, "Hajiya, mutane na yi mini dariya."

Ta ce, "Alhaji, kai mai saidawa na, ni mai saye ta. Inda hankalina ya kwanta nan nika saye."

"Har yanzu bai kwanta da ni ba?"

"Da kai ya kwanta. Da wakenka ne bai kwanta ba."

Ta ci gaba da tankaɗenta. Hukuncin da gwamnati ta kasa yi mini, ita ta yi mini shi cikin gidana, kullum, ba tare da ta tona mini asiri gaban ɗiyana ba. Na fi ƙarfin sakatariya, ban fi ƙarfin mace ɗaya da ta ƙi saye ba.

To yanzu ka gane. Da ka zo mini da takardar aikin nan kana murna, ba rena aikin na yi ba, ko da yake haka na nuna. Malam Haliru na gani tsaye gabana. Na san abin da irina ke yi wa mai wannan aiki in ya ƙi lanƙwasuwa, don na yi da hannuna. Ko dai su saye ka, in rasa ɗan da na yi alfahari da shi, ko su kasa sayenka su jefa ka inda ba a jin ɗuriyarka. Tsoro ne ya kama ni, ni kuwa ban iya nuna tsoro ba, sai na mai da shi faɗa. Wannan ma kuskure ne, kuma shi ne na baya-bayan nan.

Tunda na san hanyoyinmu, bari in gaya maka su. Ba kuɗi za su fara miƙo maka ba, sun fi haka wayo. Gaisuwa za su fara kawowa. Za ka ga buhun albasa ya iso gidan innarka ba a san mai aikowa ba. Ran sunan ɗanka rago zai zo. Wani zai ce shi abokina ne tun muna yara, kuma wataƙila gaskiya ne. Ka mayar da komi ranar da ya zo, da rana tsaka, ta hannun wanda ya kawo, da kalma mai daɗi. In ya kwana gidanka ya zama naka. In wannan bai ci ba, sai yabo, su ce ba a taɓa kawo ma'aikaci mai hankali irinka ba. In yabo bai ci ba, sai ƙarya. A nan ne Malam Haliru ya faɗi, don shi kaɗai yake yawo, gaskiyatai a bakinai kawai take. Kai kada ka shiga siton kowa kai ɗaya. Ka tafi da abokin aiki, ka kira sarkin kasuwa, ka kira mutum biyu cikin masu saye su tsaya. Abin da ka ɗiba don gwaji ka ɗiba gabansu, ka rubuta, su sa hannu ko su dangwala. Ga waya hannunka mai ɗaukar hoto, abin da shi bai samu ba. Da ranar nan akwai mata uku irin Goggo Ige tsaye bayanai sun shaƙi warin nan, da ƙaryata ba ta kai bakin ƙofar sakatariya ba.

Kuma kada ka manta manomi ma mai saye ne. Taki yake saye a cakuɗa mishi da yashi, iri yake saye shi ƙi tsira. In ya zo sayarwa kuma mu ɗinka wa buhun albasa hula, wato ƙari bisa bakinai don shi ƙara ci, mu tura har sai ya kusa fashewa, mu biya kuɗin buhu ɗaya. Wannan har bana an yi, kuma ban ce hannuna ba ya ciki ba. Ka ga ban gama gyaruwa ba.

Malam Haliru na nan da rai. Ya yi ritaya ya koma Rabah, an ce idonai ya yi rauni. Sau uku ina kama hanya don in roƙe shi gafara, sau uku ina kai mashigar gari in ce wa direba mu juya. Ban san ko zan iya na huɗu ba. Ba na yi maka alkawarin abin da ban tabbata ba. Tumba kuwa na tambaya, an ce ta rasu. Wannan sai tsakanina da Allah.

Ga maganata. Ran Litinin ka yi wanka, ka sa kayanka masu kyau, ka je ka sa hannu. Na janye abin da na faɗa. Tunda gaban mutane na faɗa, gobe bayan Juma'a gaban mutanen nan zan janye shi, su ji da kunnensu, kowa ya ga dama shi yi dariya. Na yarda, na sa maka albarka, duniya da lahira.

Sharaɗina ɗaya ne. Wata rana aiki zai kawo ka Wurno, kuma za su zuba ido su ga ko za ka tsallake ƙofata. Kada ka tsallake. Da ita za ka fara. Kada ka durƙusa mini, kada ka cire takalmi, ka shigo da kakinka kamar ba ka san ni ba. Kuma kada ka tsaya ga buhunan bakin ƙofa, waɗannan don ku muke jera su. Ka wuce can ƙurya, ka sa a sauke na sama, ka soki na ƙasa. In ka samu abin kullewa, ka kulle. Gaisuwa sai mun koma gida.

Kada ka buga mini waya don godiya, ba zan ɗauka ba. Ka kira innarka, kwana shida ke nan ba ta cin abincin kirki.

Allah shi kai ka lafiya duk inda sunka tura ka. Shi tsare ka daga haɗarin mota da miyagun hanya, shi tsare hannunka daga abin da ba naka ba, shi tsare ka daga mutum irin yadda nike a da. Shi haɗa ka da shugabanni masu jin gaskiya, shi dawo muna da kai da mutuncinka. Ka gaida kawunka, ka ce na gode da riƙon da ya yi maka.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Alhaji Garba mai wake, Wurno.